Daga Gyaɗa Zuwa Gawo: Wace Dabara Ce Ta Zauna A Ƙasarmu?

Jama'ar Tsauni, na gida da waɗanda ke ci-rani, da 'yan uwanmu na Matamaye, Kance, Kurni, Dungu, Yawuri da Ɗan Barto.

Da wuya ka shiga gari a gundumar nan ba ka tarar da allon porje a bakin hanya ba. Wani sabo fil, wani kuwa ya yi tsatsa har ba a iya karanta sunan waɗanda suka kawo kuɗin. Shekara sittin da ɗoriya ke nan ana kawo mana dabarun ci gaba daga Yamai da ƙasashen waje. Yanzu ma maganar da ke tashe ita ce ta sabbin dabaru da ƙirƙire-ƙirƙire, wai su ne za su fid da yankunan da aka bari a baya daga talauci. Madalla. Amma kafin a sake kafa mana wani allon, ya kamata mu zauna mu yi lissafi. Cikin abin da aka kawo, me ya zauna, me ya mutu, kuma me ya kashe shi? Tarihin ba na nesa ba ne, tsofaffin da suka ga yawancinsa da idonsu suna nan tare da mu.

YADDA MUKA ZAMA ƘARSHEN ƘASA

Ba tun fil azal muke a gefe ba. A ƙarni na 19, zamanin Sarkin Damagaram Tanimu wanda ya yi dogon mulki har zuwa 1884, ƙasar nan tana kan babbar hanyar fatauci. Ayari yana fitowa daga Kano ya bi ta Damagaram da Agadas har Tarabulus, ɗauke da fatu da tufafi da gashin jimina, ya komo da kayan arewa. Faransawa suka ci Damagaram a 1899. Tsakanin 1906 da 1908 su da Turawan Ingila suka bi ƙasa suna kafa turakun iyaka, aka raba mu da Daura da Kano a takarda. A 1912 jirgin ƙasa ya fara aiki tsakanin Kano da Legas, fataucin hamada ya durƙushe. A 1926 kuma aka ɗauke babban birnin mulki daga Damagaram aka kai Yamai.

Kun ga, cikin shekara talatin mun tashi daga tsakiyar hanya mun koma ƙarshen ƙasa. Inda ake yanke shawara a kanmu ya fi kilomita 800 daga nan. Babbar kasuwar da ke ci da mu kuwa, wato Kano, ba ta kai kilomita 200 ba, amma tana wata ƙasa mai kuɗinta daban da dokarta daban. Duk dabarar da aka kawo mana daga baya, a kan wannan karkatacciyar shimfiɗa aka ɗora ta.

ZAMANIN GYAƊA

Dabara ta farko ita ce gyaɗa. Nasara ya ɗora lanho, ya ce da kuɗi za a biya, kuma hanyar samun kuɗin da ta fi kusa ita ce noman gyaɗa. Daga shekarun 1930 noman ya fara bazuwa a ƙasashen Magarya, Matamaye, Tasawa da Maraɗi, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya bunƙasa ƙwarai. Manyan kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA su ke saye ta hannun 'yan kasuwa da dillalai. Gyaɗarmu tana bi ta Kano, inda ake jera buhuna dala-dala, jirgi ya kwashe zuwa bakin teku. A 1953 Faransawa suka ɓullo da tsarin karkatar da wani kaso ta Dahome, wato Benin ta yau, don kada duka ta riƙa bi ta hannun Ingila. A nan Matamaye an kafa injin matse man gyaɗa tun kafin 'yancin kai, abin da garuruwa ƙalilan suka samu a duk faɗin Nijar.

Bayan 'yanci a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta ɗora a kan haka. A 1962 aka kafa SONARA, kamfanin da aka ba ikon fitar da gyaɗa waje shi kaɗai, da UNCC mai kula da bashi da ƙungiyoyin manoma. A shekarun nan gyaɗa ce ke kawo fiye da rabin kuɗin da Nijar ke samu daga abin da take sayarwa waje, kuma mafi yawanta daga kudancin Damagaram da Maraɗi take fitowa. Wato gumin iyayenmu ne ya riƙe sabuwar ƙasa. In kaka ta yi kasuwa ta buɗe, a biya lanho, a yi aure, mai hali ya sayi keke da rediyo.

To me ya faru? Faransa tana sayen gyaɗarmu da farashin da ya ɗara na kasuwar duniya. Wajen ƙarshen shekarun 1960 ta janye wannan gata saboda ƙa'idojin kasuwar haɗin gwiwar Turai. Sai fari ya shigo daga 1968, ya yi tsanani a 1973. Ana cikin murmurewa, a 1975 kuturtar gyaɗa, wadda wasu ƙananan ƙwari ke yaɗawa, ta cinye gonaki a nan da arewacin Najeriya, har iri ya yi wuya. A daidai lokacin kuma yuraniyom na Arlit ya fara kawo kuɗi, idon gwamnati ya koma arewa. Manomi ya ga gyaɗa ba ta ciyar da gida, ya koma hatsi da wake. Injin Matamaye da wanda aka gina a Magarya suka rasa abin matsewa, suka tsaya. SONARA ita ma ta bi su a ƙarshen shekarun 1980.

Abin lura a nan, injin ya mutu amma man gyaɗa bai mutu ba. Matan da ke soya gyaɗa su kai niƙa, su matse mai su toya ƙuli-ƙuli, suna nan a kowace unguwa har gobe. Jarin nata ne, kaskon nata ne, mai saye yana ƙofar gida ko kasuwar mako. Shi kuwa injin, a Yamai ake yanka masa farashi, a Faransa mai sayensa yake, kuma ba mu muke da shi ba. Ranar da waɗancan suka juya baya, babu wanda zai tashe shi.

ZAMANIN ANIMASIYO

Dabara ta biyu ta fi ta farko kyakkyawan tunani. A farkon shekarun 1960 gwamnati, da taimakon wata cibiyar Faransa mai suna IRAM, ta fara aikin da ake kira animasiyo, wato wayar da kan mutanen karkara su tsaya da ƙafarsu. Matamaye tana cikin wuraren farko da aka gwada shi. Kowane gari ya fid da mutanensa, a kai su horo na 'yan kwanaki, su komo su ja 'yan uwansu. Daga baya aka shigar da mata, aka horar da unguwarzoma da masu ba da taimakon farko. Daga 1966 aka fara barin manoma su riƙe kasuwar gyaɗa da kansu. Su zaɓi mai awo da mai rubutu daga cikinsu, in an sayar kuma a maido musu da rarar riba. Shi ya sa yaƙi da jahilci cikin Hausa ya samu karɓuwa a lokacin, don wanda ya iya karanta sikeli ba a cutarsa a awo.

Wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da suka yi shekaru suna kallon dillali yana murɗa ma'auni. Amma bai kai inda aka nufa ba. Wani Ba'amurke mai bincike, Robert Charlick, ya zauna a ƙasar Matamaye ya nazarci aikin, kuma abin da ya gano tsofaffinmu ma sun san shi. A garuruwa da yawa masu gari da masu hali ne suka cusa yaransu, abin ya koma wata sabuwar hanyar neman fada wajen hukuma. Bashin iri kuma a kan gari duka ake ɗora shi, a cire daga rarar riba, sai wanda ya biya nasa ya ɗauki nauyin wanda ya ƙi. Ga shi jam'iyya ɗaya ce ke mulki, ba ta shirya jin talaka ya ce a'a ba. An ce wa manomi ya yi magana, amma farashi da dokar kasuwa duk suna hannun Yamai. Da gyaɗa ta faɗi, kasuwannin suka faɗi tare da ita.

ZAMANIN MANYAN PORJE

A shekarun 1970, da kuɗin asusun raya ƙasashe na Turai, aka kafa Porje 3M, wato Mirya, Magarya da Matamaye. Maraɗi ma ta samu nata da kuɗin Bankin Duniya. Tsarin iri ɗaya ne. An haɗo ƙunshin dabaru daga tashar bincike: ingantaccen iri, maganin iri, takin zamani, shuka a layi, garmar shanu da amalanke, yawancinsu a bashi. A ɗauki manomi da matarsa su yi damina guda a cibiyar horo, su komo da kayan aiki, ana sa ran sauran za su gani su kwaikwaya.

Kada mu yi butulci, an samu abin da ya zauna. Amalanke ta zauna, don tana kai taki gona, ta kawo amfani gida, ta yi haya ranar kasuwa. Maganin iri ya zauna don kuɗinsa kaɗan ne. Amma ƙunshin gaba ɗaya an auna shi ne da shekarar da ruwa ya wadata da manomin da ke da babbar gona. Mai 'yar gona in ya ci bashin taki ruwa ya ɗauke, to ya rasa hatsi ga bashi a wuya. Akwai kuma wata ɓarnar da ba a lura da ita ba a lokacin. Don garma ta samu wucewa, aka riƙa nuna wa mutane cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal, aka tumɓuke kututture.

Da kuɗin yuraniyom ya ja baya a farkon shekarun 1980, tallafin ya fara yankewa. A Nuwamban 1982 gwamnatin Seyni Kountché ta kira babban taro a Damagaram kan aikin karkara. A nan ma'aikata da bakinsu suka amsa cewa manyan porjen sun ci kuɗi da yawa, amfaninsu bai kai ba, kuma ba a sa manoma cikin shawara ba.

WADDA BA A KAWO MANA A MOTA BA

Kowa a nan ya san gawo. Itace ne mai saɓa wa 'yan uwansa. Da damina yana zubar da ganye, hatsi ya samu rana da taki a ƙarƙashinsa. Da rani ya yi kore shar, dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar kashi, su ci 'ya'yansa lokacin da ciyawa ta ƙare. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda wake ke yi. Kakanninmu sun san haka, har yau ana ba da labarin cewa Sarki Tanimu ya kafa doka mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo.

To me ya sa gonaki da yawa suka zama fili fetal a shekarun 1970? Fari da ƙaruwar jama'a da faɗaɗa gonar gyaɗa duk da hannunsu a ciki. Amma akwai hannun doka. Tun dokar daji ta Faransawa ta 1935, wadda dokar 1974 ta gaje ta, itatuwa masu daraja irin su gawo suna ƙarƙashin hukuma ko da a tsakiyar gonarka suke. In ka sare reshe ba takarda, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Yo wa zai raini abin da zai jawo masa tara? Sai mutum ya ga tsiro ya sa masa fartanya tun yana ƙarami, kafin ya girma ya zama magana.

Hukuma kuwa ta ɗauki hanyar dashe. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace, a watan Mayun 1984 kuma aka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. An raini 'ya'yan itace masu ɗimbin yawa a leda, an dasa, amma mafi yawansu awaki da zafin rani suka gama da su, don ba su da mai su.

Sai ga farin 1984. Ruwa ya ƙi, Najeriya kuma ta rufe iyaka daga Afrilun shekarar har 1986, shi ya sa a wurare da dama ake kiran yunwar El-Buhari. Wanda ke da itace a gona ya samu abin sayarwa ya sayi tiya, ya samu abin ba dabba. Wanda ba shi da shi ya kama hanya. Mutane sun ga wannan da idonsu.

A can ƙasar Maraɗi, wani ɗan Ostareliya mai aikin mishan, Tony Rinaudo, ya lura a 1983 cewa 'yan tsire-tsiren da ake sassabewa kowace shekara itatuwa ne masu tsohuwar saiwa a cikin ƙasa. In ka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ka bari, ka rage sauran, cikin 'yan shekaru ka samu itace, ba leda ba ban ruwa. Aka sa wa abin suna sassabin zamani. Lokacin yunwa an haɗa shi da rabon abinci, da rabon ya ƙare mutane suka sare mafi yawan itatuwan. Waɗanda suka bar nasu kuwa suka ga amfani a itacen girki da harawa da hatsi, maƙwabta suka kwaikwaya, wannan karon ba don buhu ba.

A nan kudancin Damagaram babu ma wani babban porje da ya ɗauki nauyin abin. Jama'a ta yi yawa, daji ya ƙare, ba halin barin gona ta huta, takin zamani ya yi tsada, balle bayan karyewar darajar sefa a Janairun 1994. Bayan rasuwar Kountché a 1987 kuma hannun hukuma ya yi sanyi, ma'aikatan daji suka rage shiga gonaki. Manomi ya fara ɗaukar itacen gonarsa nasa ne, sai ya fara raino. Dokoki suka biyo baya a hankali: tsarin dokar karkara a 1993, sabuwar dokar daji a 2004, sai dokar 2020 da ta amince cewa wanda ya raini itace a gonarsa yana da hakki a kansa.

Da masana suka zo dubawa sun sha mamaki. A 2006 binciken da Mahamane Larwanou, ɗan ƙasar nan, ya yi tare da Chris Reij na Holan ya kiyasta cewa a ƙasashen Magarya, Matamaye da Mirya kaɗai gonakin da itace ya komo cikinsu sun kai wajen hekta miliyan 1, mafi yawa gawo. Da aka gwada tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam, aka kiyasta hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 a faɗin kudancin Nijar, da ƙarin hatsi wajen tan 500,000 a shekara. Ku duba fa, a daidai ƙasashe ukun da Porje 3M ya yi aiki, talakawa sun yi da gatarinsu abin da ya fi komai zama. Yau ana koyar da dabarar a Habasha, Senegal, Mali, Ghana da sauran ƙasashe. A 2018 an ba Rinaudo lambar yabo ta duniya a Suwidin, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya farfaɗo da ramukan zai. Gaskiyar Hausawa, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Irin wannan ne labarin Mata Masu Dubara. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aikin da matan ƙasar Maraɗi, kuma ba jari ta raba musu ba. An ɗora ne a kan adashen da mata suka riga suka sani: zubi kowane mako, akwati da makulli, rance ga mai buƙata, rabo in zagaye ya cika. Kuɗin nasu ne, shi ya sa in ma'aikaci ya tafi akwatin ba ya mutuwa. Tsarin ya bazu ƙasashe da yawa a Afirka da Asiya.

INUWA KAƊAI BA TA ISA BA

Kada daɗin labari ya ɗauke mu. Gawo ya tsare ƙasa amma bai ƙara mata faɗi ba. Ƙidayar 2012 ta samu kusan mutum 400,000 a gundumar Kance, tana cikin mafi cunkoso a Nijar. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki ke tsagawa, kowa da ɗan kasonsa. Gidaje da yawa hatsinsu ba ya kai su wata damina. A 2005 mun ga cibiyoyin tamowa sun cika da yara a jahar nan. A watan Oktoban 2013 motoci suka lalace cikin hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, aka tsinci gawa 92: yara 52, mata 33, maza 7, mafi yawansu 'yan gundumar nan. Ƙasa ta yi makokin kwana uku. Allah Ya jiƙansu da rahama. Hanyar kuwa ba ta mutu ba. Tun 2014 ake kwaso mutanenmu daga Aljeriya a motoci, wasu su huta su sake komawa.

Matar da ta goya yaro ta nufi Tamanrasat lissafi ta yi. Wata takwas na rani babu aikin da zai ba ta kuɗi a gida. Dabarar talaka ta yi iyakar ƙoƙarinta da gatari da kasko da akwati. Amma akwai abin da ba zai iya yi wa kansa ba: wuta, hanya, rance a kan lokaci, bincike, da iyaka a buɗe. Wannan aikin hukuma ne, kuma a nan ne manufar ci gaba ya kamata ta sa ƙarfinta.

BA MU KAƊAI MUKA SHA WANNAN BA

A 1950 Italiya ta kafa asusu na musamman don raya kudancinta da ke baya, ya yi aiki har 1984. An gina hanyoyi da madatsun ruwa, sun yi amfani. An kuma gina manya-manyan masana'antun ƙarfe da na sinadarai waɗanda ba su da alaƙa da sana'ar mutanen wurin, har Italiyawa suka riƙa kiransu manyan majami'u a tsakiyar hamada. Har yau kudu bai kamo arewa ba. Saboda irin wannan darasi, tun 2014 Tarayyar Turai ta sa sharaɗi cewa yankin da ke neman kuɗin bincike da sabbin dabaru sai ya fara zama da masu sana'arsa da jami'o'insa, ya fid da abin da ya riga ya iya, sannan a ɗora a kai.

Mu ma muna da misali kusa. Matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 a arewa da Damagaram, mai iya tace ganga 20,000 a rana, ta amfani ƙasa. Sai dai masana'anta irin wannan ba ta sayen wake ko rake ko gyaɗa, don haka ba ita ce za ta cike wa matar Tsauni wata takwas ɗin nan ba.

ME YA KAMATA MU NEMA?

Na farko, hakkin itace ya fito daga takarda ya shigo gona. A karanta dokar 2020 da Hausa a rediyon karkara da majalisun gari, manomi ya san abin da ya halatta masa, ma'aikacin daji ya zama mai ba da shawara. Kwamitocin filaye na gari su zauna kan masu saran dare da rikicin sassarar rassa tsakanin manoma da makiyaya, don in ɓarawo ne zai ci itacen to raino zai tsaya. A duba kuma rabon mata. Su ke tsintar 'ya'yan gawo da ganyen kuka, amma kaɗan daga cikinsu ke da gonar kansu.

Na biyu, ajiya. Kowa ya san muna sayar da wake da arha a kaka, mu sayi hatsi da tsada in damina ta kama. Maganin yana nan an gwada shi. Akwai buhu mai ruɓi uku da jami'ar Purdue ta Amurka ta inganta tare da masu binciken INRAN a Maraɗi, yana kashe ƙwaron wake ba tare da an zuba magani ba. Akwai kuma jinginar amfani, inda ƙungiya ke kulle buhuna a sito, ta karɓi rance a kansu, ta sayar in farashi ya tashi. Abin da ya rage shi ne isassun sito da asusun da zai ba da rancen tun kaka, kafin buƙata ta sa a karyar da kaya.

Na uku, sarrafawa ta zauna a hannun masu sana'ar. Maimakon a sake gina ƙaton inji guda da zai jira umarni daga nesa, a taimaki ƙungiyoyin mata da matasa su mallaki ƙananan injinan matse mai da niƙa da ɓarzar wake, da wutar hasken rana. Mun ga halin da aka shiga da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a Agustan 2023. Raken fadamun Korama da Dungu mafi yawansa ɗanye yake fita, alhali 'yan uwanmu na ƙetaren iyaka sun daɗe suna dafa mazarƙwaila da irinsa.

Na huɗu, bincike ya juyo ya fuskanci gona. Muna da jami'a a Damagaram tun 2010, kuma 'ya'yanmu ne a ciki. A turo su su tambayi manoma abin da ke damunsu: wane irin hatsi ya fi yi a ƙarƙashin gawo, me ke kashe tsoffin itatuwa, yaya za a yi da jigawar da ta gaji. Manomin da ke gwaji a gonarsa a ɗauke shi malami, a riƙa kai manoma suna ganin gonakin juna, don ta haka sassabin zamani ya bazu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na biyar, iyaka. An rufe ta a 1984, an rufe daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, kuma kowane karo mu na bakin iyaka muke fara ji a jikinmu. Duk tsarin raya gundumar nan da bai sa kasuwannin Daura da Kano cikin lissafi ba, ya bar rabin tattalin arzikinmu a waje. Tun 2021 ake aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kuma ta Daura zai bi, wato ƙofar gidanmu. A 1912 jirgi ya iso Kano ba a tambaye mu ba, ya mai da mu manoman gyaɗa na shekara da shekaru. In wannan ya iso, me za mu loda masa? Ɗanyen wake da rake kamar da, ko mai da gari da mazarƙwaila da hannunmu ya sarrafa?

Saboda haka, masu garinmu da shugabannin komin da na ƙungiyoyi, duk porjen da ya zo a karɓe shi hannu biyu, a ba baƙi ruwa. Amma kafin a kafa allo a yi musu tambayoyin da tarihin nan ya bar mana. In kuɗin ya ƙare, wa ke da abin? Wa ke yanka farashi? In ruwa ya ƙi, wa zai ɗauki asara? In amsar duka tana Yamai ko wata ƙasa, to mun riga mun ga yadda irinsa ke ƙarewa.

Dattawanmu da suka yi awo a kasuwannin gyaɗa, ko suka yi aiki a injin Matamaye, ko suka zauna damina a cibiyar horo, muna roƙon matasa su zauna da su su ɗauki labarinsu tun suna raye, a kawo mu ƙaru. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya maido da na ci-rani gida lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.